Baƙar Giyar Yaya Noelene

A yankinmu na Eyre, in mutum yana ƙaunarka zaginka zai yi. In kuwa ka ga ya fara yi maka magana mai taushi har yana cire hula, to ka tafi wajen likita, wataƙila an gaya masa abin da ba a gaya maka ba. Da haka muka tashi, kuma ba wanda ya san wannan kamar yayata, Noelene Zadow, wadda ta share shekara talatin da ɗoriya tana shan zagi a rumfunan askin tumaki tana ramawa da riɓi.

Ni ne ƙaninta, Kelvin. Na yi aski har bayana ya ce shi kam ya gaji, na koma wajen danna gashi a buhuna. Ita kuwa ita ce kukun ayarinmu. Gajeruwa ce, faffaɗa, da damtse irin na mai ɗaukar manyan tukwane, da muryar da ke tsallake ƙarar injin aski ta isa kunnen wanda take nufi. Tana 'yar budurwa mahaifiyarmu ta rasu, ta bar makaranta ta karɓi murhu. Ita ta yi min wanka, ita ta yi min duka, ita kuma ta zaɓa min mata, duk da har gobe matar tawa gani take ita ta zaɓe ni. Da Yaya ta auri Alwyn, mai aski kamarmu, sai ta bi shi rumfa da tukwanenta. Alwyn ya rasu, ita ba ta bar rumfa ba.

Girkinta ba laifi. Amma ba don girki ake kiran sunanta daga garin Kimba har na Cummins ba, don giya ne. Ranar da aka aske tunkiya ta ƙarshe a gona aka kashe inji, ba mai tafiya gida sai an sha giyar gama aski. A wasu wurare mai gona ne ke zuwa gari ya sayo katan-katan. Mu kuwa masu gonakinmu sun san ba a haka da mu, su dai nasu su yanka rago su hura gawayi. Giya daga bayan a-kori-kurar Noelene take saukowa. A ɗakin wankinta take dafa ta, yadda kakarmu ta koya mata, da tsiron sha'ir da ruwan sama na tanki, kuma ba ta taɓa sayar wa kowa ko kwalba ɗaya ba.

Kala uku ce, fara da ja da baƙa, kuma a haka ake shan su, ba a tsallake layi. Fara ta wanke maƙogwaro ce. Ja tana da gari kwance a gindin kwalba, sai an kwantar da ita an mirgina kafin a buɗe, wanda kuwa ya buɗe bai mirgina ba sai ya ji tawul a ƙeyarsa. Baƙa sai rana ta yi sanyi, an ci nama, an gaji da gardamar wa ya fi wa sauri. A wancan zamanin da hanci take aikinta. Takan ɗaga murfin duro ta shaƙa sau ɗaya ta ce ta nuna, ko ta ce wannan ta zubarwa ce, shi ke nan magana ta ƙare.

Ladanta kuwa zagi. Sarkin masu zagin shi ne Clarrie Bock, babbanmu a shekaru, dogo, busasshe, wanda tun da nake da shi ban taɓa jin ya yabi komai ba, ko da ruwan sama ne bayan fari. Yakan zauna a kan buhun gashi ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Tsohuwa, bana ma ruwan wankan tumakin ne kika kawo mana?"

"Shi ne, Clarrie. Na ga ƙwarƙwata ta dame ka, na ce bari in taimaka."

"Wallahi na taɓa shan ruwan kududdufi da ya fi wannan."

"To koma kududdufin mana, ai ka san hanya."

"Bayan kin riga kin buɗe? Miƙo wata dai, kar a yi asara."

Haka za a yi ta yi, wannan ya jefa, wancan ya ƙara, ita tana tsaye da tawul a kafaɗa tana tare kowa. Sai ta koma gida da kwalabe wayam da fuska cike da annuri. Zagin nan shi ne abincin ranta.

Wani rago ne ya ɓata mana wannan zaman. A gonar su Rehn muke aski, ta ɗauko kwandon shayi da kek na hutun safe ta ratsa ta cikin shinge don ta rage hanya, kamar yadda ta saba yi duk shekara. Ragon ya biyo ta ta baya ya tunkuye ta, ƙeyarta ta bugi siminti. Jirgi ne ya ɗauke ta zuwa Adelaide. Ta jima a asibiti, ta dawo da ƙafarta da bakinta da duk rashin haƙurinta, muka ce mun gode Allah. Sai wata safiya burodi ya ƙone a gabanta, hayaƙi ya cika ɗaki, ita tana zaune tana karanta jarida. Hancin ya tafi. Likita ya ce wani lokaci yakan dawo, amma kar ta zauna jira. Harshenta yana jin gishiri da zaƙi da tsami da ɗaci, amma ƙamshi da wari duk sun zama ɗaya a wajenta, wato babu.

'Yarta Tania ce ta karɓi girkin ayari, don ba a barin wadda ba ta jin warin gas ko na ruɓaɓɓen nama ita kaɗai a kicin. Yaya ta yi faɗa, ta yi ɓacin rai, ta haƙura. Giyar gama aski ce kaɗai ta rage mata a rumfa. In wannan ta tafi, to ba ta da sauran dalilin taka ƙafarta can, kuma mun san ba za ta zo a matsayin baƙuwa a ba ta kujera ba.

Da shekara ta zagayo ta dafa giyarta yadda ta saba, aka zo gama aski a wannan gonar ta su Rehn, ta sauke kaya. Da aka buɗe kwalba ta farko kumfa ya yi tsalle ya wanke hannun mai buɗewa. Sannan warin ya iso. Warin magani ne, irin na ruwan da muke tsoma tumaki a ciki don kashe ƙwari, babu ragi. Duka ukun haka suke. Abin da Clarrie ya shekara talatin yana faɗa don wasa, yau ya zo ya zauna a cikin kofinsa.

Rumfa ta yi tsit. Ita tana tsaye da tawul a kafaɗa tana jiran a fara. Kowa ya dubi tabon da ke ƙeyarta inda gashi bai gama fitowa ba. Sai Clarrie, Clarrie fa, ya cire hularsa ya aza a gwiwa.

"Ta yi daɗi, Noelene. Mun gode ƙwarai."

Saura suka bi shi kamar tumaki a ƙofar shinge. Wannan ya ce sannu da ƙoƙari, wancan ya ce Allah ya ƙara lafiya. Maza ƙattai masu cinye rabin rago, suna magana kamar sun zo gaisuwar mutuwa. Can sai wannan ya miƙe wai zai duba karensa, wancan wai zai zagaya, kowa ya dawo da kofi wayam. Ban taɓa ganin wautar da aka yi da kyakkyawar zuciya irin wannan ba. Garin neman gira muka rasa ido.

Yaya ta tattara kwalabenta. Da za mu tafi ta ce in jira ta a mota, ta zagaya bayan rumfa inda tankin ruwa yake. Na leƙa ta madubi na gan ta tsaye tana kallon ƙasa. Wurin ya jiƙe sharkaf, ga kumfa bai gama bushewa ba, ko karnuka sun ƙi zuwa kusa.

Mun yi nisa a hanya kafin ta buɗe baki.

"Kelvin, warin me take yi?"

"Yaya, ki bar maganar nan."

"Ni na yi maka tsarki, kar ka kawo min wayo. Warin me?"

"Maganin wankan tumaki."

Ta yi wata dariya wadda ba na fatan in sake ji. "Shekara talatin kuna faɗa lokacin da ƙarya ce. Ranar da ta zama gaskiya, ranar kuka rasa baki? Har Clarrie ya cire min hula. Ashe mutuwa na yi ba a gaya min ba."

Ta rufe ɗakin wanki, ta ce ta gama. Sauran gonakin na wannan shekarar da giyar katan muka gama su. Ba laifin giyar ba ne, sanyi ne da ita kamar kowace, amma a sha a tashi ake yi, ba wanda za a zaga. Ni kuwa na cika da haushi, na rasa wanda zan huce a kansa, don har da ni a masu zagayawa bayan rumfa. Zafi ya wuce, aka shiga sanyi, Yaya tana gida tana shukar tumatir da take cewa duk ɗanɗanon ruwa gare su.

Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wata ranar Lahadi a watan Yuni, lokacin da sanyinmu ke kankama, na je kai mata itace, na tarar da ita a teburin kicin da kofi biyu a gabanta, idonta a rufe, kumatunta a kumbure. Na ɗauka ciwon ne ya tashi. Ta ɗaga min hannu in yi shiru, ta haɗiye, sannan ta buɗe ido.

"Zauna. Wannan ta bara waccan ce, kafin ragon nan ɗan banza, na same ta a bayan kabad. Wannan kuma ita ce wadda kuka shayar da tanki. Sha, amma toshe hancinka."

Na toshe na kurɓi ta farko, na kurɓi ta biyu.

"Me ka ji?"

"Giya na ji."

"Kai dai tun kana yaro jaki ne. Kar ka haɗiye da sauri kamar ana binka. Riƙe ta. Mai kyan tana da jiki, tana zama a kan harshe, iskarta ƙanana ce tana tashi a hankali. Ɓatacciyar fa? Tsararo ce, kamar an tsotse mata nama an bar ruwa. Iskarta manya, tana cizo. In ka haɗiye sai ta bar maka bauri a dasashi, harshe ya dinga kama ganɗa. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Na sake gwadawa. Wallahi yana nan, yadda ta faɗa. Na shekara arba'in ina ɗirkar giya ban san tana da jiki ba.

"Ka gani," in ji ta. "Abin da ya sa mata wari ya bar sawu a baki ma. Da ina da hanci ban taɓa kula ba, don hancin ke riga kowa magana."

Daga ranar ta koma makaranta, ita ce malama ita ce ɗaliba. Ta fara da neman ɓarawon. Tsohon duron robanta ne, duk ya kakkarce ta ciki, a nan ƙazanta ke ɓuya inda sabulu ba ya kaiwa. Da can hancinta kan kama abin tun bai yi nisa ba. Ta jefar da duron da tiyon da duk abin da ya taɓa su. Sannan ta shiga zuwa gari tana sayen giya kala-kala, kwalba ɗai-ɗai, ta nan ƙasar da ta ƙetare. Kafin ka ce me, magana ta zagaye gari wai Noelene Zadow ta faɗa kwalba saboda baƙin ciki. Matar fasto har ta kawo mata miya da nasiha. Yaya ta karɓi miyar ta mayar mata da nasihar.

Ni ne abokin zamanta a wannan karatun, kuma ban yi ƙorafi ba. Takan riƙe kurɓi ɗaya a baki har in fara gyangyaɗi, sannan ta yi bayani. Farar giya irin ta zafi, a cewarta, ba a son ta da nauyi, aikinta ta shigo da tsikari ta share baki ta fita, ta bar shi a bushe yana neman ƙari. Ta alkama kumfa ce zalla, tana kumbura a baki ta cika shi, amma da laushi, ba ta cizo. Waɗanda samari ke yayi yanzu, masu yawan furen da ake sa wa giya don ɗaci, wasu suna barin danƙo a bayan harshe, wasu suna bushe leɓe. Masu ƙarfi kuwa ba a baki ake gane su ba, sai sun sauka, ɗumi ya bi maƙogwaro ya bazu a ƙirji. Akwai wata da ta tofar nan take, ta ce santsi take yi kamar an shafa wa harshe man shanu, wanda ya dafa ta ya yi gaggawar zuba ta a kwalba. Na shinshina, sai ga ƙamshin man shanun kuwa.

Da farko takan miƙo min kofi in shinshina mata bayan ta faɗi nata hukuncin, don ta ga ko ta dace. Tun tana kuskure jefi-jefi har ta daina. Ranar da ta sake kunna wuta a ɗakin wanki, na miƙa hannu zan ɗauki kofin gwaji, ta buge shi.

"Ajiye hancinka, na gode. In da hancin aro zan yi, to giyarka ce ba tawa ba."

Fara da ja ta mayar da su yadda suke tun zamanin kakarmu. A kan baƙa ne ta yi abin da ya tayar min da hankali. Ta ƙara mata hatsin oat mai yawa, ta rage mata iska, ta canza yadda take jiƙa tsiron don giyar ta fi riƙe jiki. Da ta nuna ta ba ni. Ba ta gudu a baki kamar ta da, tafiya take a hankali, da kauri da sulɓi kamar madarar da ba a yaɗe ba, kumfarta ta zauna a leɓe ta ƙi tashi, sannan ɗan ɗacin gasasshen hatsi ya biyo daga baya ya share wurin.

"Yaya, wannan ba ita ba ce."

"Na sani."

"Clarrie ba ya son canji. Mutumin da hularsa ta girmi Tania."

"Da can don hancina nake dafa ta, ƙamshin gahawar nan da kuke ji ni ma ina ji. Yanzu baki ne kawai ya rage min, to zan dafa abin da bakina zai ji daɗinsa. Ko ni ba mutum ba ce?"

Sai ta nuna ni da ludayi.

"Kuma saurara. Na san abin da ke ranka. In ka je ka ce musu su zage ni don in ji daɗi, zan gane tun daga kalmar farko. Zagin tausayi ya fi yabon tausayi ciwo. In na ji shi, wallahi ba zan ƙara taka rumfa ba har in mutu."

Abin da ke raina ke nan kuwa, na riga na shirya har abin da zan ce wa Clarrie. Na haɗiye shi. Ban gaya wa kowa komai ba, illa dai cewa bana Noelene za ta kawo giya.

Aka zo gama aski a gonar su Rehn, wuri ɗaya, rumfa ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka kashe inji da la'asar, ƙurar gashi tana sauka a hankali, nama yana kan gawayi. A-kori-kurarta ta tsaya a ƙofa. Na dubi fuskokin mutanenmu, kowa kamar wanda za a cire wa haƙori. Sun san abin da suka yi bara, don Tania ta wanke su tas. Yanzu gaba kura baya sayaki. In sun yaba ta ce tausayi ne, in sun zaga ta ce an shirya ne. Sai suka zaɓi shiru.

Aka buɗe fara. Ba ta yi tsalle ba, 'yar ajiyar zuciya kawai kwalbar ta yi. Na ga hanci yana shiga kofi a ɓoye, na ga kafaɗu suna sauka. Aka sha, ba wanda ya ce uffan. Aka mirgina ja, aka sha, har yanzu shiru, sai ƙarar tauna. Yaya tana tsaye da tawul a kafaɗa, fuskarta ba ta nuna komai ba, amma na ga yatsunta suna murɗa bakin tawul ɗin. Shirun nan yana cin ta, ni ma yana ci na. Na ce a raina in aka tashi a haka, to an rasa ta.

Rana ta yi sanyi, ta fito da baƙa ta zuba wa kowa da hannunta. Clarrie ya karɓi nasa bai dube ta ba. Ya kurɓa. Ya tsaya. Ya ɗaga kofin ya karkata shi yana kallon yadda giyar ke bin jikin gilashi a hankali. Ya sake kurɓa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kai! Wane ne ya taɓa baƙar nan?"

Ya juya ya nuna Yaya da kofin.

"Tsohuwa, da ke nake! Me kika yi mata? Shekara talatin ina shan abu, yau kin mayar min da shi kunu! Giya na ce ko karin kumallo? Ina cokali? A ba ni cokali mana in ci!"

Da gaske yake, ransa ne ya ɓaci. Ya manta da rago, ya manta da tabo, ya manta da bara. Kafin ta buɗe baki sai Rewi ya tsoma nasa. Rewi mutumin New Zealand ne, yakan zo mana aski duk shekara, ƙato mai sanyin hali wanda ba ya shiga gardama.

"Baba Clarrie, bakinka ne ya tsufa. Ta da ai ruwan gawayi ce. Wannan ita ce giya, ji yadda take kwanciya a harshe."

"Kai kuma wa ya sa da kai? Me kuka sani a ƙasarku ban da ruwan sama?"

"Mun san abin da ya yi daɗi. In ba ka so miƙo min naka."

"Taɓa shi ka ga yadda ake askin mutum! Ba ta da iska, Rewi, ta mutu a kofi. Giyar kirki sai ta ɗan cije ka."

"Cizon me? Haƙora nawa suka rage maka da za ka rama?"

Rumfa ta kaure. Rabi suka bi Clarrie, rabi suka bi Rewi. Wani ya ce ta yi nauyi, kofi biyu mutum ya kasa tashi. Wani ya ce ai dama wa ya ce ka tashi. Mai gona ma ya shiga, ya ce shi jar ce bai yarda da ita ba, garin ya fi na da yawa, aka taso masa wai bai iya mirginawa ba ne. Ana ta nuna juna da yatsa, kowa da farin kumfa a gashin baki. Ba wanda ya ce sannu, ba wanda ya ce an gode.

Na juya na dubi yayata. Idonta ya kawo ruwa, ta goge da tawul kamar hayaƙin gawayi ne ya shige shi. Ni kam ƙirjina ya cika har na rasa inda zan sa kaina. Matar nan ta rasa uwa tana yarinya, ta rasa miji, ta rasa murhu, ta rasa hanci, ta zauna ita kaɗai a teburin kicin ta koyi sana'arta daga farko da abin da ya rage mata. Ina alfahari da ita, kuma ban damu da wanda ya ji ba.

Ta taka har gaban Clarrie, yana tsakiyar bayanin yadda ta lalata gadon kakarta, hannunsa kuwa a miƙe da kofi wayam, shi kansa bai san ya miƙa ba.

"Ka gama?" in ji ta.

"Ban gama ba! Baɗi ki dawo min da ta da."

"Baɗi in kana raye ka zo ka dafa da kanka. Kunu na yi maka da gangan, na ga ba ka da abin tauna. Kuma saka hularka, sanƙon nan yana kashe min ido."

Hular tana kansa, bai ko cire ta ba. Ya kai hannu ya taɓa don ya tabbatar, aka fashe da dariya, ita kuma ta cika masa kofi har baki. Ya sha rabi a tashi ɗaya, ya goge leɓe da bayan hannu.

"Tir. Ajiye min kwalba biyu in kai wa kare."

Da za mu tafi na loda kwalabe a bayan mota, ko ɗaya ba ta da nauyi. Ta ce in jira ta, ta zagaya bayan rumfa. Wannan karon ban leƙa ta madubi ba, sai na ji muryar nan tata ta tsallake rufin kwano.

"Kelvin! Zo ka gani."

Na same ta tsaye a gindin tanki, hannu a ƙugu. Ta sa ƙafa ta shuri ƙasar wurin, ƙura ta tashi. A bushe take ƙamas.